Bencin Dandalin Soho da Tunawa da Masu Fasaha

A tsakiyar birnin Landan akwai wani ɗan lambun shaƙatawa da ake kira Dandalin Soho, kuma a cikinsa ana tunawa da mamata biyu. Na farko Sarki Charles na Biyu ne, wanda aka kafa mutum-mutuminsa a 1681, aka ɗauke shi a 1875, bai koma mazauninsa ba sai 1938. Ta biyu ita ce Kirsty MacColl, mawaƙiya haifaffiyar Croydon a kudancin birnin, wadda jirgin ruwa mai inji ya buge ta a tekun Meziko ta rasu a Disambar 2000. Ita benci kawai aka yi mata. Masoyanta ne suka kafa shi a 2001, saboda tana da waƙa mai sunan dandalin, kuma duk shekara, ranar Lahadin da ta fi kusa da 10 ga Oktoba, zagayowar haihuwarta, sukan taru a wurin su rera waƙoƙinta.

Bencin ya fi mutum-mutumin cika aikinsa. Sarkin dutse sai dai a ɗaga kai a dube shi a wuce, shekara sittin da uku ma dandalin ya yi ba tare da shi ba. Benci kuwa yana karɓar gajiyayye da mai jiran aboki da ma'aikacin da ya fito cin abincin rana, har wanda bai taɓa jin muryar marigayiyar ba ya karanta sunanta yana zaune. Wannan ya dace da mai fasaha, domin tun yana raye aikinsa tara jama'a ne.

Darasin ya shafi ƙasar Hausa ta fuska guda takamaimai. Sassaƙa surar mutum abu ne da addini da al'ada suka ƙyamata, don haka hanyar karramawa da ta rage ita ce raɗa wa titi ko zaure suna, kuma galibi masu mulki ke cinye wannan rabo. Ladi Kwali ta sami bayan takardar naira 20, amma maƙera da marina da makaɗan gari nawa ne za su kai nan? Alhali Bahaushe ya daɗe da sanin dakali, inda ake hira a ƙofar gida. Dakali mai ɗauke da sunan wani gwani, a gindin darbejiya kusa da inda ya yi sana'arsa, ba ya jawo gardamar malamai, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin ƙungiyar unguwa ba.

Matsalar ita ce kulawa. Karyayyen benci mai sunan mamaci wulaƙanci ne gare shi da iyalinsa. Saboda haka kafin a zuba siminti, ya kamata a san wanda zai riƙa share wurin, da wanda zai gyara idan damina ta ɓata rubutun.