Madden: Gudun Gefe da Mutumin Ƙarshen Sahu

A wasan bidiyo na Madden NFL, na kamfanin EA Sports, babu abin da ke ƙona ran sabon ɗan wasa kamar abokin karawar da ya gano gefen fili a buɗe yake. Sai ya dinga jefa wa mai gudu ƙwallo ta waje yana cin ƙasa, ga shi kuwa yadi 10 kacal ake nema a yunƙuri huɗu.

Da yawa sukan tura 'yan baya su afka ta tsakiya. Wannan ɓarnar ƙarfi ce, domin kafin su isa mai gudun ya bar wurin. Gyaran yana hannun wanda ke tsaye a ƙarshen sahu. Ba a bukatar ya kama kowa. Ya dai tsare waje, ya koro mai gudun ciki, inda abokansa ke jira. Baza sahun gaba yana taimakawa, haka ma tsarin Cover 2, wanda ke barin masu tsaron kusurwa kusa maimakon janye su baya.

Tabbas tsakiya za ta yi sako-sako, kuma mai wayo zai gwada ta. Amma can akwai masu tarewa, a gefe kuwa sai fili fetal.