Baƙin da Ke Bakin Doguwar Fitila

Duk wanda ya ratsa lungunan Sheshe da dare a shekarun baya ya san doguwar farar fitilar nan ta shagunan teloli da zaurukan karatu. Ya kuma san yadda take mutuwa: bakunanta biyu su yi baƙi, ta dinga ƙiftawa, daga nan ta ƙi kamawa. Galibi akan ɗora laifin a kan mai sayarwa, a ce jabu ya bayar. Sau da yawa ba shi da laifi, domin wannan baƙi tsohuwar cuta ce da ta girmi fitilar kanta.

A kowane baki na kwalbar akwai ɗan ƙarfe, wanda masana ke kira ilektarod, ta nan wuta ke shiga iskar da aka ɗura a ciki. Tun 1857 Heinrich Geissler na birnin Bonn a Jamus ya nuna cewa iska a cikin kwalba tana haske idan wuta ta ratsa ta. Wahalar ita ce ƙwayoyin iskar suna dukan ƙarfen ba ƙaƙƙautawa, suna gutsurarsa, ɓurɓushin ya manne a jikin gilashi, ya kuma danne iskar har ta ƙare. Daniel McFarlan Moore a Amurka ya yi dabarar saka ɗan famfo mai ƙara iska da kansa. Georges Claude na Faransa, wanda ya nuna fitilar niyon a Paris a 1910, ya fi shi hangen nesa: sai ya faɗaɗa ƙarfen, dukan ya rarrabu, fitila ta yi tsawon rai. Kafin nan, a 1904, Arthur Wehnelt ya gano cewa idan aka shafa wa waya sinadarai irin na bariyam da kalsiyam, tana sakin ilektaron ba tare da ta yi zafi ainun ba. Wannan shafe shi ne a jikin wayar tangistin ta doguwar fitilar da ta shiga kasuwa a 1938, kuma kowane kunnawa yana cin wani abu daga cikinsa. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ko ta zo ba ƙarfi sitata ta yi ta fama, shafen kan ƙare tun kwanansa bai kai ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, ƙarfen ne kawai ya mutu. Zaibar da ke cikin kwalbar, miligiram kaɗan, tana nan daram. Yanzu da ƙwayayen LED suka kori doguwar fitila daga shaguna, tsofaffin kwalabe na ƙarewa a bola da kwata, wasu a hannun yara masu fasa su don jin ƙara. Tururin zaiba ba shi da wari, huhu kuwa yana zuƙe mafi yawansa, ya wuce zuwa ƙwaƙwalwa. Wadda ta bi ruwa kuma, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka kan juya ta zuwa wani nau'i mai taruwa a tsokar kifi, irin wanda ya nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956. Ruwan kwatocin tsohon birni Jakara yake nufa, Jakara kuma madatsar Wasai, inda ake kamun kifi da noman rani.

Wani zai ce kwalba ɗaya ba komai ba ce idan aka kwatanta da dattin masana'antu, kuma ya faɗi gaskiya. Sai dai wannan dattin gyaransa ba tsada. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, kuma a 2023 ƙasashen yarjejeniyar suka tsayar da 2027 don daina ƙera irin waɗannan fitilu. Yarjejeniya ba za ta kwashe kwalaben da ke jingine a bayan ƙofofi ba. Ya kamata ƙaramar hukuma, tare da masu unguwanni da masu gyaran wuta, ta ware wurin tara su ba tare da an fasa ba. Idan kuwa ta fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe taga, a kwashe gilashin da kwali, kada a sa tsintsiya.