Gatari Yana Hannunka

Kwanakin baya wani dattijo ya daina zuwa ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Gabi. Na gamu da shi ranar kasuwa, na ce, "Baba, lafiya ba mu gan ka ba?" Ya ce, "Malam, ƙyale ni. Allah bai rubuto mini karatu ba." Na yi shiru, don na san kowane marece yana gindin icce wurin dara.

Ƴan'uwa, mukan faɗi irin wannan magana da yawa. Mutum ya saida hatsinsa tun kaka, ya kashe kuɗin wajen buki. Bazara ta yi, rumbu wayam, sai ya ce haka Allah ya so. To, Allah ne ya kai buhun kasuwa?

Mu Kirista mun gaskata Allah shi ne Mai iko duka. Rai da mutuwa da ruwan sama duk suna hannunsa. Amma ya halicci mutum da hankali, ya ba shi ikon zaɓe. Jaki da igiya ake jan sa. Mutum kuwa magana ake yi masa, ya ji ko ya ƙi. A Littafin Farawa, sura 3, da Adamu ya ci ɗan iccen da aka hana shi, sai ya ɗora wa matarsa laifi. Ita Hawwa'u ta ɗora wa maciji. Allah bai karɓi wannan hanzari ba. Kowa ya ɗauki alhakin abin da ya yi.

Ga misali daga ƙasarmu ta Maraɗi. A shekarar 1983 akwai wani ɗan mishan, mutumin Ostaraliya, sunansa Tony Rinaudo. Ya sha wahalar dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. Wata rana ya tsaya a hanya, ya duba wani ɗan tsiro da kyau. Ashe toho ne daga kututturen iccen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai cikin ƙasa. Sai ya gane dabara: manomi ya zaɓi toho masu ƙarfi, ya rage sauran, ya tsare su har su girma. Shi ne ake kira sassabin zamani.

A 1984 aka yi babbar yunwa. Mishan ta ba da abinci ga manoman da suka yarda su bar itatuwa cikin gonakinsu. Da damina ta yi kyau aka daina rabon abinci, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Amma waɗansu manoma suka ce su ba za su sare ba, ko da ana yi musu dariya. Suka samu iccen girki da na saidawa, da ganye don dabbobi. Iska ta rage binne musu shuka da rairayi. Maƙwabta suka gani, suka bi. Daga baya masu bincike suka kimanta cewa wannan aiki ya kai hekta miliyan 5 a Nijar.

Ku duba da kyau. Ruwa ɗaya ya sauka a gonakin nan duka. Saiwar kalgo da ta sabara, Allah ne ya ajiye su ga kowa. Bambancin yana wurin mai riƙe da gatari.

Wani zai ce, "Malam, to fari fa? Ciwo fa? Yarinyar da aka cire daga lakkol ba da sonta ba fa?" Gaskiya ne. Ba kowace wahala ce laifin mai ita ba. A Yohanna sura 9, almajirai sun tambayi Yesu a kan wani da aka haifa makaho, ko laifin wa ne. Ya nuna musu ba zunubinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Saboda haka kada mu yi wa mai wahala gori. Abin da ya fi ƙarfinmu mu bar wa Allah. Abin da hannunmu ya yi kuwa, mu amsa namu ne.

Amsa laifi ba faɗuwa ba ce. Ku tuna da ɗan nan na Luka sura 15, wanda ya cinye gadonsa a wata ƙasa. Bai ce yunwa ce ta cuce shi ba. Ya tashi ya koma gida, ya ce shi ya yi laifi, ubansa kuwa ya tarbe shi da murna. Mutum kamar kututture ne. In saiwa tana da rai, zai sake toho.

Ni ma na ga nawa laifin. Na yi shiru a kasuwa, alhali ya kamata in bi dattijon nan har gida. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi da allo da alli, in ce, "Baba, wurinka yana nan."

Tambayoyi
1. Wa Adamu ya ɗora wa laifi?
2. Mene ne sassabin zamani?
3. Wane abu ne yake hannunka bana da za ka iya gyarawa?