Kwalba ba Shara ba ce

A shekara ta 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigowa da leda marar kauri da sayar da ita. Duk da haka leda ba ta bar titunanmu ba, kuma robobin lemo sun ƙaru a kanta. Wannan ya sa ya kamata mu sake duban kwalbar gilashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekara ta 2022 domin gilashi.

Mene ne gilashi?

Ana haɗa yashi da farar ƙasa da soda, wadda danginta ɗaya da kanwa. Ana narka su a wuta mai zafin digiri kusan 1500. Ruwan yana daskarewa kafin ƙwayoyinsa su jeru daki-daki kamar na gishiri. Shi ya sa gilashi ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe da kaifi. Ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ba ya canza ɗanɗanon abinci.

Ina matsalar take?

Ana iya narka gilashi sau da yawa, ingancinsa bai ragu ba. Masu aikin gilashi na Bida, a Nijeriya, suna narka tsofaffin kwalabe su yi awarwaro da duwatsun wuya. Amma babban tanderun masana'anta yana cin wuta dare da rana. Gilashi kuma yana da nauyi. Kuɗin mota zuwa nesa yakan cinye ribar. Saboda haka a wurinmu darajar kwalba tana nan ne muddin ba ta fashe ba. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, a cikinta ake sayar da gyaɗa da zuma da man shanu.

Idan ta fashe kuwa, sai ta zama haɗari. Manoma suna kwasar sharar gari a amalanke su kai gona don taki. Ɓawon abinci da kashin dabbobi suna ruɓewa, gilashi kuwa yana nan cikin ƙasa yana jiran ƙafar manomi ko ta ɗansa. Ƙaramin yanka a gona yana iya kawo ciwon sarƙe haƙora.

Me ya kamata mu yi?

A ware kwalabe daga shara tun daga gida. A wanke su da sabulu, a kife su bushe, sannan a sayar ko a mayar wa mai kanti. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar man fetur ko maganin ƙwari kada ta koma wa abinci, ko an wanke ta. Fasasshiya a tara ta cikin gwangwani mai murfi, nesa da yara. Ya kamata ma'aikatun magajin gari su keɓe mata wuri daban da juji. Wanda gilashi ya yanka, a wanke ciwon, a kai shi likita ba da jinkiri ba.