Reshenmu Na Bukatar Rumbun Takardu

Wanda ya ga damunar 2020, lokacin da ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a fadamar Rima tun daga Argungu har Birnin Kebbi, ya san takarda ba ta jure ruwa. A wata makaranta da muka sani, rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa na shekaru sun jiƙe sun manne cikin kabad a dare ɗaya. Inda ruwa bai kai ba kuwa, gara na nan tana aikinta.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne takardun aiki. Malami ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana riƙe da alli, ranar ritaya a ce ba a ga takardar ɗaukarsa aiki ba, ko ta ƙarin girmansa na ƙarshe. Haka zai yi watanni yana sintiri tsakanin ofisoshi, iyalinsa na zaman jiran fansho.

Shawararmu ita ce reshe ya buɗe rumbun ajiya guda a intanet. Google Drive, alal misali, na ba da gigabait 15 kyauta, kuma kyamarar waya ta isa ɗaukar hoton takarda. Kowane mamba ya samu aljihunsa, ya zuba takardar ɗauka, shaidar NCE, rajistar TRCN da takardun ƙarin girma. Kada a ce ai muna da WhatsApp. Ranar da aka sace waya ko ta faɗa ruwa, sai dai labari.

A gefe guda a ware wurin shirin darasi da tambayoyin jarrabawa, domin sabon malamin da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie ya tarar da abin da magabatansa suka tsara.

Mun san za a kawo zancen wuta da tsadar data, amma takarda ba bidiyo ba ce, nauyinta kaɗan ne. Inda muke jin tsoro shi ne amana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk mai riƙe da bayanan wani, don haka aljihun malami shi da sakatare kaɗai za su iya buɗewa. A yi rajistar rumbun da sunan reshe, kada ya zama mallakar wani shugaba da zai sauka ya tafi da makulli. Muna roƙon a sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, kafin ruwa ya sauka.