Dara Tsakanin Unguwa da Unguwa

A cikin Birnin Kano akwai wata tsohuwar unguwa ana ce da ita Sheshe. A nan, kamar sauran unguwannin birni, yaro ba ya rasa ganin masu dara in la'asar ta yi sanyi. Akan haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da tsinke. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin wasansa. 'Yan kallo kuwa kullum gardamarsu ɗaya ce, watau wa ya fi kowa iyawa.

Wannan gardama ba a Kano kaɗai ake yinta ba. Akwai wata irin dara mai gida 64, Larabawa na ce da ita shaɗaranji, Turawa na ce da ita ces. Masu yinta sun daɗe da kafa ƙungiyoyi, gari yana karawa da gari.

A shekarar 1824 ƙungiyar Landan ta kara da ta Edinbara, babban birnin Sikotlan. Tsakaninsu wajen mil 400 ne, ba jirgin ƙasa, ba waya. Sai kowane ɓangare su taru su yi shawara, su rubuta inda suka gusa ɗansu, su aika da wasiƙa a keken doki, sa'an nan su zauna jiran amsa. Haka aka yi ta yi har shekarar 1828. Mutanen Landan su ne masu suna, gama ƙungiyar Edinbara shekararta 2 kacal da kafuwa. Amma wata rana na Landan suka yi gaggawa, suka jefa wasiƙa, daga baya suka hango kuskure a ciki. Suka nemi gidan waya ya mayar musu, aka hana su. Suka roƙi na Edinbara su yafe, suka ce abin da hannu ya ajiye ya ajiyu. Dara ta ci gida! Cikin wasa 5 da aka yi, Edinbara ta ci 2, Landan 1, sauran 2 aka yi kunnen doki.

A zamanin nan ba a da ma'aunin gwaninta sai suna. Daga baya wani malamin kimiyya a Amurka, Arpad Elo, ya tsara lissafin da ke ba kowane ɗan wasa lamba. In ka ci wanda ya fi ka, lambarka ta hau da yawa. In wanda bai kai ka ba ya ci ka, ta faɗi. Amurka ta karɓi wannan tsari a 1960, hukumar ces ta duniya kuma a 1970. Magnus Carlsen, mutumin Norwe, ya kai 2882 a shekarar 2014.

Lamba abu ce mai amfani, ba shakka. Amma labarin jiya take bayarwa, ba ta sa wa kowa hannu a gurbi. Ko a lissafin Elo, wanda ya fi abokinsa da 200 yakan sami maki 3 ne cikin 4, ɗayan na ƙaramin ne. Babban aibinta ga yara shi ne takan sa gwani ya riƙa gudun wasa don kada darajarsa ta ragu, mai koyo kuma ya ji kunyar zama.

Saboda haka ya fi kyau makarantu su shirya karawar ƙungiya. A zaɓi yara 5 daga Sheshe, 5 daga Mandawari ko Yakasai. Malami ya duba littafin da yake rubuta ci da kaye, ya zaunar da gwani da gwani, na biyu da na biyu, har ƙasa. Nan ne aikin lamba, ta nuna wa kowa mazauninsa, shi ke nan. In an haɗa maki, cin yaro na biyar daidai yake da cin na ɗaya. Sai ka ga gwanin da ke raina ƙanensa ya zaunar da shi da daddare yana koya masa, don ya san ranar karawa makin ƙanen ne zai raba gardama. Ba a bukatar ko kwabo, sai fili, da tsakuwa, da tsinke, da dattijo ɗaya da zai hana 'yan kallo sa baki.