Famfon cikin rijiya: a ajiye wuta ko a ajiye ruwa?

Mai karatu, in kana noman rani a Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Rumji, ko a Gulbin Kaba, wajen Gazawa da Agye, ka san abin da ya faru a watan Mayu na 2023. Najeriya ta janye tallafin man fetur, mai ya yi tsada a bakin iyaka, injin ban ruwa ya koma yana cin ribar garka. Wannan ya ƙara wa mutane sha'awar famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, mai aiki da farantin hasken rana.

Farantin ba ya ba da wuta da dare. Shi ya sa ake tallar batirin litiyom, wai ka sami ruwa ko da asuba. Batirin na da kirki. Irin wanda aka rubuta wa LiFePO4 ana iya cika shi a juye sau dubbai, alhali batirin darma, irin na mota, yakan gaji bayan 'yan ɗaruruwa.

Sai dai ka yi lissafi tukuna. Famfo mai wat 750, in ya yi awa 2, ya sha wat-awa 1500. Batiri mai bolt 24 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar kamar 2400, kuma ba a tatse shi ƙarƙaf. Ke nan aikin awa 3 ma da ƙyar. Kuma wutar da ya sha, gobe farantinka ne zai biya ta, a daidai lokacin da famfo ke neman tasa. Sai ka ƙara faranti. In famfon mai aiki da wuta irin ta NIGELEC ne, akwai na'urar juya wuta da za ka saya, babba, don famfo yakan ja wuta ninki-ninki sa'ad da yake tashi.

Ga zafi kuma. A Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kuma zafi ke rage kwanan batiri. Ɗakin kwano a rufe ba wurin ajiye shi ba ne.

A ganinmu, ga mafi yawan masu garka da kwamitocin ruwa na ƙauyuka, tanki ya fi. Famfo ya cika shi da rana, ruwa ya gangaro da kansa da dare. In tanki ya yi yoyo, mai walda ko magini na kusa. In kwakwalwar da ke tsaron batiri ta mutu, sau da yawa sai an kai shi birni. Rijiyar ma tana samun hutun dare, ruwanta ya sake taruwa.

Batirin na da amfani a gidan likita, inda ake bukatar ruwa da fitila tsakar dare. In can za ku sa shi, ku nemi takardar garanti, kuma kwamiti ya fara tara kuɗin canjinsa tun watan farko.